Wanzami da Albasa

A wani gari an yi wani wanzami da ya ce babu suman da ya fi ƙarfin albasa. Kowa ya faɗi, sai ya ce, "A shaƙa masa albasa."

Wata rana wata malamar asibiti ta zo garin da mutum-mutumin roba, tana koyar da danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Mai burodi kaɗai ya tsaya ya koya. Wanzami ya ce masa, "Gemai-gemai da kai, kana wasan 'yar tsana?"

Ran kasuwa, wanzami ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya ɗauke. Jama'a suka ce, "A shaƙa masa albasa." Aka shaƙa, shiru. Mai burodi ya aika a kira malamar, ya durƙusa ya yi ta danna ƙirjin ba ƙaƙƙautawa, har ta iso da na'urar tada zuciya.

Da wanzami ya farfaɗo, ya dafe haƙarƙari ya ce, "Wane mugu ne ya danne ni haka? Babu albasa a kasuwar ne?"

Mai burodi ya ce, "Akwai, Sarkin Aska. Bakwai aka ƙarar a hancinka."