Baitin da Ya Ɗaga Bikin Auta

Da safiyar Asabar Auta tana tsaye a falo tana goge kayan aikinta, Mama na zaune bakin taga tana ɗinke maɓallin wata tsohuwar riga, sai waya ta yi ƙara a kan hannun kujera. Auta ba ta yi saurin dubawa ba. Ta ɗauka 'yan guruf ɗinsu na waƙa ne suka tashi da gardamar amsa-amo da suka fara tun jiya. Sai da wayar ta sake yin ƙara sannan ta jingine dutsen guga ta ɗauka.

Saƙon Jan Biro ne: "Kina gida? Kada hankalinki ya tashi, amma waƙarki ta ranar Laraba ta kai hannun Ummata. Wani ya yi sikirinshot, ya fitar da hoton daga guruf."

Ta karanta sau uku. Ta nemi bakin kujera ta zauna.

Jan Biro shi ne saurayin da za ta aura nan da mako bakwai. A shagon gilashin ido yake aiki, yana yanka gilasai yana ɗaura su a firam, amma a guruf ba wanda ya san shi da wannan. An san shi da gyara. Dokar guruf ɗin ita ce duk wanda ya saka waƙa sai ya yi wa waƙoƙin mutum biyu sharhi, kuma ya haɗiye abin da aka faɗa a kan tasa. Shi kuwa ba ya tsayawa a biyu, shi ya sa suka laƙaba masa wannan suna. Ranar da Auta ta fara saka waƙa, kowa ya yi ta yabo, shi kaɗai ya rubuta cewa baiti na uku yana ɗingishi, kuma kalmar "zuciya" ta fito sau shida kamar ba ta da 'yan uwa. Ta yi kuka a bayan injin hoto na shagon buga takardun da take aiki, ta share hawaye ta gyara baitin, ta ga lallai ya daina ɗingishin. Daga nan hira ta fara, bayan shekara ɗaya da rabi manya suka zauna aka tsayar da magana.

Waƙar ranar Laraba kuwa a kan Yaya ta yi ta, babbar 'yar Mama. Bayan haihuwarta ta biyu Yaya ta shiga wani hali: ba barci, kuka ba dalili, har tsoron ɗaukar jaririnta take. Mama da Auta ne suka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a ɓoye lokacin da ta zo gida hutawa. Ta samu sauƙi, amma shekara uku ke nan tana shan magani, tana ɓoye shi a gwangwanin madara can ƙuryar kabad ɗin kicin. Mijinta bai sani ba, balle danginsa.

Auta ba ta ambaci sunan kowa ba. Da "ta" ta rubuta, tana ba da labarin wata mata. Wata malamar lissafi da ke guruf ɗin ta ƙirga gaɓoɓi ta ce layi na huɗu ya fi sauran tsawo. Wani direban tanka ya ce ya karanta a wurin lodi har idonsa ya ciko. Sai Jan Biro ya shigo da nasa: waƙar ta yi kyau, amma marubuciyar ta tsaya daga nesa kamar mai leƙe ta taga, ta mayar da "ta" zuwa "na" ta ga abin da zai faru. Ta mayar, ta sake sakawa.

Ina ɓoye maganina ƙasan gwangwani,
In sha a tsaye don kada kowa ya gani,
In wanke fuska in ce lafiya lau nake ni.

Ranar ta sha yabon da ba ta taɓa sha ba, har ta wuni tana murmushi ita kaɗai.

Mama ta lura da yadda 'yarta ta ƙame, ta miƙa hannu a ba ta wayar. Ta karanta saƙon, ta ce a nuna mata waƙar. Da ta kai layin gwangwani sai ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

"Auta, cikin gidanmu kika ɗauka kika baje wa mutum arba'in?"

"Mama, ban faɗi suna ba."

"Ba ki faɗi suna ba, kin faɗi gwangwani. Ki saurare ni da kyau. Duk abin da za su ce miki, kada sunan yayarki ya fito daga bakinki. 'Ya'ya biyu gare ta a gidan nan."

Da rana Jan Biro ya zo, suka tsaya a bakin ƙofa, inuwar katanga ta ɗan rufe su. Ya gaya mata gwaggonsa ce ta kawo hoton, ita ma wata ce ta tura mata. Gwaggo ta ce a cikin biyu dole a yi ɗaya, ko dai yarinyar ƙwaya take sha, ko kuma tana da taɓin hankali ana rufewa har a ɗaura aure. Ya ce ya buɗe guruf ya nuna wa Umma waƙar farko mai "ta", ya nuna mata sharhin da ya yi, ya ce laifin nasa ne. Umma ta duba ta duba, ta yi tambaya ɗaya: to ita "ta" ɗin wace ce?

"Ki gaya mini ni kaɗai," ya ce da ita, murya ƙasa-ƙasa. "Ba sai na faɗa wa kowa ba. In dai na sani, zan san yadda zan tsaya."

"Ba ni ba ce. Iyakar abin da zan iya gaya maka ke nan."

"Ko ke ce, wallahi ba zan fasa ba. Ɓoyewar ce take damuna."

Ya daɗe yana jujjuya makullin babur a yatsa, sannan ya ce Umma tana son ganinta ranar Litinin, ya tafi ba tare da 'yar zolayar da ya saba yi mata a bakin ƙofa ba.

Kwana biyun nan Auta ba ta san ɗanɗanon abin da ta ci ba. Ta goge waƙar daga guruf, sai gogewar ta zama wata magana. Malamar lissafi ta turo mata lambar wani likita, ta ce kada ta ji kunya. Direban tanka ya ce yana yi mata addu'a. Kowane saƙon tausayi sai ta ji kamar an soka mata allura, don ba za ta iya cewa ba ita ba ce ba tare da an tambaye ta wace ce ba. Admin ɗin guruf ya yi ta rantse-rantse sai ya gano wanda ya fitar da hoton, kowa ya ce ba shi ba ne, guruf ɗin da ba ya shiru ya yi tsit.

Ranar Litinin ta tashi daga aiki da wuri ta tafi. Umma na zaune a kan doguwar kujera, Gwaggo a gefenta riƙe da waya. Auta ta durƙusa ta gaishe su, ta zauna a kan kafet. Fankar sama na juyawa a hankali.

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba ta san harkar waƙa ba, amma ta san mutum ba ya sanin inda ake ɓoye magani sai in ya gani da idonsa. Ta ce ɗa ɗaya gare ta namiji, haƙƙinta ne ta san gidan da zai shiga.

"Umma, ba ni ba ce," Auta ta ce. "In kuna so a kai ni asibiti a duba ni, zan je. Amma mai abin ba ta ba ni izinin faɗa ba. Na riga na yi mata laifi ɗaya da na rubuta, ba zan ƙara na biyu ba."

Gwaggo ta taɓe baki ta ce ai ga shi nan, an fara nuƙu-nuƙu tun ba a shigo ba. Umma ta dubi Auta ta ce a ɗaga bikin har sai magana ta fito fili. Ba ta ce an fasa ba, ba ta kuma sa wata rana ba.

Labarin ɗaga biki ba ya ɓoyuwa a dangi. Ranar Alhamis Auta tana tsakiyar buga takardun wani lauya sai ta ga Yaya a bakin shago, ƙaramin ɗanta a kafaɗa. Ta jira har mai takardun ya fita, sannan ta ɗora wayarta a kan teburin shagon. Hoton waƙar ne, ya zagayo har ya iso gare ta.

"Ni ce wannan," Yaya ta ce. Ba tambaya take yi ba.

Auta ta fashe da kuka tana ba ta haƙuri. Ta ce abin ne ya daɗe yana cin ta, ba ta da wanda za ta gaya wa, sai ta gaya wa takarda.

"Takarda ba ta da guruf, Auta. Ranar da kika riƙe mini jariri a layin asibiti, na ɗauka duk duniya ba ni da rufin asiri irinki. Ashe tafi da yabo kike nema da ni."

Ta ɗauki wayarta ta fita. Auta ta kira ta ya fi sau ashirin a makon nan, ba ta ɗauka ba.

Haka aka shiga wata na biyu, aka shiga na uku. Ranar da ya kamata a yi bikin ta zo ta wuce, Auta ta wuni a shago tana haɗa takardun jarrabawar wata makaranta, tana kuskuren shafi tana sakewa. Ta rame har zobenta ya fara zamewa. Duk sanda waya ta yi ƙara sai ta ɗauka saƙon fasawa ne ya iso. Ta ji labarin Gwaggo ta fara kai hoton 'yar ƙawarta gidan Umma. Mama kuma ta rasa inda za ta sa kanta tsakanin 'ya'yanta biyu, sai ta yawaita shiru.

Tun da aka ɗaga bikin, sai da Jan Biro ya yi kwana tara bai zo ba. A rana ta goma ya rubuta a guruf, inda kowa zai gani, cewa ya shekara uku yana gyara wa mutane baiti bai taɓa tambayar abin da baitin ya ci wa mai shi ba, kuma daga yau kafin ya ce a sauya kalma zai fara tambaya ko ana iya sauyawa. Da yamma ya zo bakin ƙofa. Ya ce ya yi fushi, ba zai ɓoye mata ba, amma ya zauna ya yi tunani ya ga macen da ta yarda bikinta ya tsaya maimakon ta tona asirin wani, ita yake so ta riƙe masa nasa sirrin. Bai sake tambayarta ba. Duk Juma'a yana zuwa. A gida kuma ya gaya wa Umma ba zai yi mata musu ba, ba zai kuma kalli hoton kowa ba.

A wata na huɗu, wata Lahadi da hantsi, Yaya ta yi sallama ta shigo falo, mijinta na biye da ita. Auta ta miƙe tsaye.

Ashe Yaya ta gaya masa tun mako uku da suka wuce. Ba a sha da daɗi ba. Ya yi kwana biyar ba ya cin abincinta, ba don ciwon ba, sai don a ce shekara uku matarsa tana shan magani a tsaye a kicin kamar ɓarauniya, shi yana falo yana kallon ƙwallo. Daga baya shi ya ɗauke ta ya kai ta wurin likitan, ya zauna ya yi tambayoyinsa har likita ya gaji.

"Ban huce da ke ba tukuna," Yaya ta ce wa Auta. "Amma na ji abin da kika gaya wa matar nan, kuma ba zan zauna ki tsufa a shagon takarda saboda ni ba. Ɗauko mayafinki."

Su uku suka je gidan Umma. Yaya ce ta yi magana, daga farko har ƙarshe, ba ta rage komai ba. Gwaggo ta fara cewa ai irin wannan yana bin jini, sai mijin Yaya ya ce cikin ladabi shi ma ya yi wa likita wannan tambayar, ga lambarsa in ana son a ji daga bakinsa. Umma ta ɗaga wa Gwaggo hannu. Ta tambayi Yaya ko tana samun barci yanzu, ko yaran suna lafiya. Sannan ta juya ga Auta.

"Wata huɗu kina da amsar a bakinki?"

"E, Umma."

"Tashi daga ƙasa, 'yata. Zo ki zauna nan kusa da ni."

Bayan mako biyar aka yi bikin. Yaya ce ta tsaya a kan komai, ko da yake sai da aka ƙara wasu watanni kafin ta koma yi wa Auta irin hirar da. Ba a taɓa gano wanda ya fitar da hoton ba, 'yan guruf dai suka ƙara doka cewa abin da aka saka a ciki ba ya fita. Auta ta ci gaba da rubutu, amma ba ta sake taɓa ciwon wani ba sai ta je ta same shi ta tambaya.

Yaba wa mutum a kan baiti abu ne mai daɗi, amma sirrin ɗan'uwa ba kayan ado ba ne da za a yi wa waƙa kwalliya da shi. Wanda ya yi kuskure irin na Auta, kada ya nemi tsira ta hanyar ƙara wani kuskuren. Ya riƙe bakinsa, ya karɓi zafin laifinsa, ya jira. Jiran yana da wuya, Auta ta rame a cikinsa, amma ta fito da mijinta, ta fito da yayarta, kuma surukar da ta ɗaga mata biki ita ce yau take kiranta in tana da maganar da ba ta son kowa ya ji.