Ƙararrawar Fasto Ɗanlami

Ranar Lahadi da hantsi Fasto Ɗanlami ya miƙa hannu zai ja igiya, ya tarar babu ƙararrawa. Cocin nasa bukka ce a gefen ƙauyen Hausawa kusa da Damazin, ta leburorin da suka zo daga Najeriya aikin dam ɗin Roseires. Mabiyansa suka tsaya cirko-cirko.

Shawish Attahiru, ɗan sandan da aka turo, musulmi ne, mai kallon ƙasa fiye da fuskar mutane. Ya ga kwance igiyar aka yi, aka naɗe ta tsaf. A gaban teburin fasto kuma ga shatin gwiwoyi biyu a rairayi.

Jama'a suka nuna Mato maƙeri, wai shi ya ɗauki ƙararrawar, narkar da ita zai yi.

"Wallahi ya Shawish, kwana huɗu ina kasuwar Sinja," in ji Mato. Direban lorin da ya dawo da shi ya shaida.

Attahiru ya koma wurin fasto. "Ban da Lahadi, yaushe kake kaɗa ta?"

"In an yi rasuwa. Bugu ɗaya kan kowace shekarar mamacin."

"Akwai marar lafiya?"

"Talatu, ɗiyar Asabe. Jiya na je na yi mata addu'a."

"Mi ka ce wa uwar?"

Fasto ya sunkuyar da kai. "Na ce ta shirya zuciyarta."

Attahiru da fasto suka tafi tare. Gidan Asabe shiru, ko kaza ba ta motsi. Tana zaune a kan murfin matmura, ramin da ake ajiye dawa.

"Tashi, baiwar Allah," in ji Attahiru. "Maƙeri yanke igiya zai yi. Wanda ya durƙusa neman gafara kafin ya ɗauka, ɗan gida ne. Kuma ke kaɗai ke tsoron jin ƙararta."

Asabe ba ta musa ba. Fasto ta kalla. "Baba, mun ɗauke ka uba. Na kira ka ka roƙa mata kwana, sai ka soma lissafin bugu. Na ce in babu abin bugawa, ba za ta tafi ba."

Tausayi ya kama Attahiru, amma aiki aiki ne. Ya buɗe ramin. Ƙararrawar na cikin dawa, an ɗaure harshenta da zanen goyo.

"Ma'alesh, ba komai, ni na yafe," in ji fasto. "A bar maganar nan."

Ya sunkuya ya ciro ta da kansa. Zanen ya zame. Ƙararrawar ta buga sau ɗaya, ƙarar ta ratsa gidan.

Asabe ta juya ta kalli ƙofar ɗakinta inda Talatu ke kwance, ta kasa ɗaga ƙafa. Shekarar Talatu ɗaya.