Abin Da Asabe Ke Riƙewa

Zulaihat tana durƙushe a tsakar gida tana wanke wandon 'yarta Asabe, na uku ke nan tun safe. Ba ta ji ƙyama ba, ba ta ji haushi ba. A 'yan watannin nan ta daina jin komai, hannuwanta kawai ke aiki.

Asabe shekararta uku da rabi. Yau kwananta shida ba ta yi bayan gida ba, sai ɗan ruwa-ruwa da ke zubo mata a wando. Cikinta ya yi tauri, ta bar cin abinci, ta bar wasa.

Inna Gaji, uwar mijin Zulaihat, ta zo Arlit daga Damagaram da niyyar wata ɗaya, sai tawaye ya rutsa da ita. Hanyar Agadas ta cika da nakiyoyi, mota ba ta tashi sai da rakiyar soja. Kayan lambu suka yi wuya a kasuwa, gida ya koma taliya da burodi da madarar gari. Wata biyar ke nan Inna na zaune a kan tabarma tana ƙirga laifin surukarta. Ta dafa wa yarinyar filasko, ta ɗura mata kanwa, ta danne ta a kan po, tukunyar bayan gidan yara, tana yi mata tsawa. Cikin ya murɗa, Asabe ta yi ihu, washegari abin ya koma yadda yake.

Da Ɗalhatu, mijin Zulaihat, ya dawo daga wurin haƙar ma'adinai, inda yake tuƙa babbar mota, ko takalmi bai cire ba Inna ta tare shi. Ta ce matarsa ƙazama ce, ba ta iya reno ba, tun farko ita ba ta so wannan aure ba. Ta ce ayarin motoci zai tashi ranar Alhamis, kuma da jikarta za ta tafi.

"In uwar ta ƙi, ka ba ta takardarta."

Ɗalhatu ya sunkuyar da kai. Shekara biyu ya yi yana zarya gidan su Zulaihat kafin a ba shi ita, amma bai taɓa musa wa Inna ba. Zulaihat ta jira ya yi magana. Da bai yi ba, ta tashi ta shanya wandon, ta shiga ɗaki ta fara ninke kayan yarinyar. Ko hawaye bai zo mata ba.

Tana cikin ninkewa ta hango Asabe a bayan ƙofa, ta ɗage a kan yatsun ƙafa, ta matse cinyoyi, fuskarta ta yi jawur. Ta sha ganin haka, ta ɗauka yunƙuri take yi. Yau da ta duba sosai sai ta ga ba turowa yarinyar take yi ba, riƙewa take yi.

Ranar Laraba da safe ta goya ta sai likita. Ɗalhatu ya bi bayansu, ba wanda ya kira shi. Madam Fadimata, dattijuwar da ke duba yara, ta taɓa cikin a hankali, ta tambayi yadda abin ya faro. Zulaihat ta faɗa da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Ranar da nakiya ta tashi da wata mota a hanya, ba a san su wa ke ciki ba, Ɗalhatu kuma bai dawo ba. Ran nan Asabe ta yi kashi mai tauri har da ɗan jini, tana ta kuka.

"Ni kuwa na mare ta. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Madam Fadimata ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce yaro in ya ji zafi sau ɗaya sai ya riƙa riƙewa, kashin ya ƙara bushewa, gobe zafin ya fi na jiya. Ruwan da ke ɓata wandon kuwa ta gefen taurin yake zubowa, yarinyar ba ta ma san ya fito ba. Ta ba su maganin laushi da za a sha tsawon watanni, ta hana filasko da kanwa. Ta ce a ba ta ruwa da yawa, da miyar kuka, da wake, da dabino. A zaunar da ita kan po 'yan mintoci bayan cin abinci, ba tsawa, ba duka. In ta fara amai, ko zazzaɓi, ko cikin ya kumbura, su dawo nan take.

A hanyar gida Ɗalhatu ya karɓi yarinyar ya saɓa a kafaɗa. Da suka shiga ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, ki yi mini gafara. Asabe tsoro ne ke damunta, kuma dukkanmu muka tsorata ta, har da ni da na yi shiru. Ba za ta tafi ba. Zulaihat ma tana nan."

Inna ta ce an shanye mata ɗa. Ranar Alhamis ta ɗaure kayanta, ta kai har bakin ƙofa, ta tsaya. Ta ce ƙafarta ke ciwo, sai wani ayarin.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Sati uku Zulaihat na zama a ƙasa gefen po tana yi wa Asabe tatsuniya, wata rana a dace, wata rana a tashi haka nan. Ɗalhatu yana zagaya kasuwa neman busasshiyar kuɓewa. Inna kuwa ita ke jiƙa dabinon, tana ajiyewa inda za a gani.

Wata hantsi Asabe ta ɗauko po da kanta, ta zauna, ta gama, ta ce, "Mama, bai yi zafi ba."

Nan Zulaihat ta fashe da kuka, irin wanda ta yi wata da watanni ba ta yi ba. Inna Gaji ta taso da ƙyar ta dafa kanta.

"Ya isa haka, 'yata. Na zalunce ki."

Yaro mai tsoro ba a warkar da shi da tsawa, babba ma haka. Gidan da aka bar neman mai laifi aka zauna da haƙuri, nan lafiya ke sauka.