Hannun da Ke Riƙe da Usur

Ranar da aka turo shi shagonta a unguwar Nakulabye da ke Kampala don a auna shi, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Nantume ta ɗago kai daga keken ɗinki, ta yi ta ɗagawa, har wuyanta ya ƙage kafin ta iske fuskarsa.

Ita ke ɗinka wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwar riguna, domin mahaifiyarta, Koci Nalwadda, ce mai horar da su. Ta auna dogaye da yawa. Amma da wannan ya buɗe hannayensa, tef ɗinta ya ƙare bai kai yatsunsa ba.

“Laifina ne ko na tef ɗin?” ya tambaya a kunyace.

“Laifin wadda ta ci gaba da zuba maka dafaffiyar ayabar matoke ne bayan ta ga inda abin ya dosa.”

Ya yi dariya har kansa ya bugi ƙwan lantarki. Sunansa Lubwama, daga garin Masaka aka ɗauko shi. Da ya fita ta leƙa ta bi shi da kallo. Wani babba-da-jaka na tsaye a kan rufin mahauta, ya ƙura wa shagon ido. Ba ta so ganinsa ba, ta saki labule.

Tun daga ranar ya zama Dogo a bakinta, ita kuma Telata a bakinsa. A ɓoye suke soyayyarsu, don Koci Nalwadda ta kafa doka cewa duk ɗan wasan da ya kalli 'yarta sau biyu, ya kwashe takalmansa. Tana da dalili. Mahaifin Nantume ma ɗan wasa ne. Ya tafi gasa Nairobi tana goye, motar ƙungiya ta dawo babu shi, kuma har yau bai dawo ba.

A kakar wasa ta farko Lubwama ya haskaka. Koci ba ta yabon kowa, amma shi takan tsaya ta kama wuyan hannunsa ta gyara masa jifa, tana cewa wannan hannun zai ciyar da shi idan kan da ke samansa bai lalata shi ba.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci ya ce wa Nantume ya gaya wa kawunsa maganarta, kuma shi a zuciyarsa ya gama, ita ce matarsa. Ta ce masa zuciya ba ta ɗaura aure. Ya ce tasa ta ɗaura.

A makon ne ta kai sababbin riguna filin wasa, ta tarar ana atisaye. Mahaifiyarta ta kama wuyan hannunsa kamar kullum. Nantume ta ga ya sunkuyar da kai ya dubi hannun, sai ya fizge nasa kamar ya taɓa garwashi. Fuskarsa ta yi toka.

Daga nan komai ya fara zamewa.

Idan Koci ta tara 'yan wasa ana tsakiyar wasa, kowa ya matso kai da kai, shi sai ya tsaya can baya yana kallon ƙasa. Ba ya jin abin da aka tsara. A koma fili, abokansa su yi dama, shi ya yi hagu. Idan ta miƙa masa hannu su tafa, ya kauce. Hatta jifan da ake ba mutum in an yi masa keta, shi kaɗai ba mai tsare shi, sai ƙwallon ta daki ƙarfe ta dawo. 'Yan kallon da a da ke rera sunansa suka koma kiransa falwaya, suna tambaya ko a ɗaura masa waya ya yi amfani.

Masu sharhin gindin mangwaro suka raba gari biyu. Wasu suka ce girman kai ne, ya raina koyarwar mace. Wasu suka ce an yi masa asiri daga Masaka. Kowa ya tabbatar da nasa, ba wanda ya tambayi yaron.

Manajan ƙungiyar, Kiyimba, shi ya zo da mafita. Mutum ne mai turare da yawa, wanda ke kawo wa Nantume wandunan da ba abin da ya same su don a gyara. Ya ce wata ƙungiya a Arua, can arewa ƙetaren kogi, za ta karɓi Lubwama ta ba su wani gogagge a madadinsa. Kwamiti zai zauna bayan wasan Asabar, amma maganar ƙarshe ta Koci ce. Da ya zo karɓar wandonsa ya jingina da teburin yanka, ya ce ai ba korar yaron ake yi ba, shi da bakinsa ya ce a kai shi.

Yana fita Nantume ta rubuta wa Lubwama saƙo.

“Dogo, da gaske kai ka ce a kai ka Arua? In gajiya ka yi da ni, ba sai ka ƙetare kogi ba. Faɗa mini kawai, ni ba yarinya ba ce.”

Sai da ta gama kalmasa siket guda kafin amsa ta shigo.

“Telata, ban gaji ba, ba kuma zan gaji ba. Amma in na zauna zan ƙarasa mahaifiyarki. Gobe ki kalli hannun Mama na dama in tana shan shayi. Ni na jawo mata. Ki yafe mini.”

Da safe ta zauna tana satar kallo. Mahaifiyarta ta ɗauki kofi da hagu. Hannun dama yana cikin aljihun rigar atisaye, kuma aljihun yana motsi a hankali, kamar an saka ɗan tsuntsu a ciki. Nantume ta yi ƙoƙarin tuna yaushe rabon da ta ga hannun nan a fili, ta kasa tunawa.

Sai ta gane. Ba ɗan ƙasarsu ta Buganda da bai taso da jin cewa miji da uwar matarsa ba sa taɓa juna ba, ba sa zama kusa, ba sa haɗa ido, in kuwa suka yi, makyarkyata za ta kama jiki har kabari. Ana faɗa wa yara haka kamar yadda ake faɗa musu wuta na ƙuna, ba kuwa wanda ya taɓa tsayawa ya ƙirga tsofaffin da ke rawar jiki alhali ba su taɓa aurar da ko kaza ba. Lubwama ya ɗauka tun ranar da ya ƙulla niyya Koci ta zama surukarsa ba ta sani ba, ta kuma ci gaba da kama hannunsa.

Nantume ta yi makaranta. Ta ce wa kanta shirme ne. Duk da haka ta hau boda, babur ɗin haya, zuwa wurin Senga, ƙanwar mahaifinta, wadda maganar auren 'yar ɗan'uwa ke hannunta. Senga ta saurara tana ɓare ayaba, ba ta yi mamaki ba. Ta ce yaron yana da tarbiyya, kuma ya yi gaskiya. Ko ya bar ƙungiyar ko ya bar yarinyar, amma ba a haɗa surukuta da wannan rungume-rungumen na fili.

A hanyar dawowa Nantume ta rasa inda za ta sa kanta. Idan ta yi shiru, Arua. Idan ta faɗa, dokar mahaifiyarta na nan tana jira. Kuma can ƙasan zuciyarta, inda makaranta ba ta kai ba, wata murya na tambayarta, in fa gaskiya ne?

Asabar ta zo da hadari baƙi ƙirin daga wajen tafkin da ke gefen gari. Babba-da-jaka biyu suka sauka a kan rufin rumfar 'yan kallo, suka ƙi tashi duk da ihun da ake yi. Lubwama ya zubar da jifa bayan jifa. Aka cinye su a gida.

Mutane suka watse da ruwa ya fara ɗigowa. Kwamiti ya zauna a kan bencina ƙarƙashin rumfa, Nantume na gefe tana tattara riguna. Kiyimba ya yi dogon jawabi a kan cewa ƙungiya ba gidan marayu ba ce. Sannan kowa ya juya ga Koci.

Ta dubi Lubwama da ke tsaye cikin yayyafi. “Zo nan.”

Bai motsa ba.

“Na ce ka zo nan, Lubwama. Wannan ne karo na ƙarshe da zan faɗa.”

Ya ƙara ja baya. Nantume ta ga leɓen mahaifiyarta ya fara haɗa kalmar da za ta kai shi Arua. Ba ta san lokacin da ta zubar da rigunan ba. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti gaban kowa.

“Mama, ba raini ba ne. Aurena yake son yi. Ya ga hannunki, yana ganin shi ya jawo.”

Ruwa na ta dukan kwanon rumfa. Koci Nalwadda ta dubi 'yarta. Sannan ta zaro hannun daga aljihu, ta ɗaga shi sama. Yana karkarwa kamar ganye, usur ɗin da ke rataye a yatsanta yana kaɗawa. Wani dattijo a kwamitin ya kau da kai. Kiyimba kuwa bai kau da nasa ba.

“Yaushe ka zo Kampala?” ta tambayi Lubwama.

“Bara, Koci.”

“Wannan hannun ya fara rawa kana Masaka kana korar awaki. Likita ya gaya mini sunan ciwon. Yayata ma tana da shi, ita kuwa sista ce a coci, ba ta da miji balle 'ya balle suruki. Sai dai in ka je can ma ka taɓa ta.”

Ta juya ga kwamiti ta ce ta ɓoye ne don ta san abin da za su yi da kocin da hannunta ke rawa. Yanzu sun gani. Idan musanya suke so, ga ta. Yaron dai yana nan.

Ta shiga cikin ruwan, ta ɗauki ƙwallo ta danƙa masa, ta kama wuyan hannunsa da wannan hannun. Jikinsa gaba ɗaya ya ɗauki ɓari, har ba a gane rawar wa ta fi.

“Jefa.”

Ya jefa. Ƙwallon ta zagaya bakin kwandon ta faɗo waje.

“Gwiwar hannunka ta buɗe,” in ji ta. “Gobe da sassafe. Kuma ka tsaya inda zan iya kai maka mari.”

Kwamiti ya bar Lubwama, Koci kuma aka ce ta ƙarasa kakar wasan, daga nan a duba. Kowa ya san ma'anar a duba. A gida ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar Nantume. Sai wata safiya, tana ƙoƙarin saka maɓallin riga, ta bari 'yar ta saka mata, ta ce ba tare da ta dube ta ba, “Ubanki ya tafi ne don kansa. Wannan wawan kuwa don ni zai tafi. Ki ce wa Senga su zo.”

Jifansa bai dawo rana ɗaya ba. A hankali ya dawo, kamar mai jinya yana koyon tafiya.

Ranar gabatar da ango aka kafa rumfuna a tsakar gida, mata cikin dogayen rigunan biki na gomesi, maza cikin fararen jallabiyoyin kanzu. Al'ada ta ce uwar amarya ba ta fitowa, tana ɗaki har a watse. Koci ta ce wa Senga wannan yinin guda ta yarda ta zauna a ɗaki, amma kada ta saba.

Da aka zo saka zobe, Lubwama ya kama yatsan Nantume, sai hannunsa ya fara rawa. Zoben ya ƙi shiga. Tsofaffin da ke layin gaba suka dubi juna, wata ta dafe ƙirji. Nantume ta ɗago ta dube shi.

Sai ƙarar usur ta tsaga gidan daga tagar ɗaki.

“Gwiwar hannu, Lubwama!”

Ya matse gwiwar a jikinsa ba tare da ya yi tunani ba. Zoben ya shige. Guɗa ta tashi, Senga na dariya tana share hawaye, tana cewa Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su 'ya'ya masu tsawon ubansu da bakin kakarsu.

Nantume ta waiga wajen tagar. Labule a sake yake, amma ta gefensa hannu ɗaya ya fito, yana rawa, yana ɗaga musu.