Auren da Yovana Ta Ƙi Sata

Ranar Lahadi ce, kuma a gidan Doña Eufrasia da ke bayan tashar jirgin ƙasa a garin Juliaca ba a cin abincin Lahadi a rarrabe. Miyar naman rago da busasshen dankali na tafasa, Yovana, uwar jikarta, tana yanka albasa, tsohuwar kuma tana tsaye a kanta tana koya mata yankan albasa, kamar yadda take koya mata shekara bakwai ke nan. Sai ga Wilber ya faɗo kicin da waya a hannu, bakin nan har kunne.

"Mama, nemi wuri ki zauna. Yovi, ajiye wuƙar nan kafin ki yanke yatsa. Sun ɗauke ni!"

Wilber Ticona makaniken manyan motocin haƙar ma'adinai ne, kuma shi kaɗai Doña Eufrasia ta haifa. Wani kamfani ne a wata ƙasar Larabawa ta bakin teku ya neme shi, da albashin da ya ninka nasa na yanzu sau uku. Tsohuwar ta rungume shi tana hawaye, ta fara gina bene a kan gidan da bakinta tun kafin a sauke miya. Yovana ma ta yi murna, don ta san irin sanyin da yake sha a kan duwatsu kafin ya kawo abin da suke ci. Amma ita 'yar kasuwa ce, rigunan sanyi take sayarwa, kuma ba ta taɓa sayen kaya ba tare da ta juya cikinsa ta duba ɗinki ba.

Washegari tana zaune a rumfarta ta kira Nélida, ƙawarta tun ta makaranta, wadda mijinta ya ɗauke ta zuwa waccan ƙasar Larabawan tuntuni.

"Albashin gaskiya ne," in ji Nélida, "amma ki tambaye shi wace kwantiragi zai sa wa hannu, don iri biyu ce. In ta gwauro ce, gado za su ba shi a ɗakin mutum huɗu, abinci kyauta, kuɗinsa ya taru. Sai dai shekara biyu ke da yarinya a waya za ku riƙa ganinsa. In ta mai iyali ce, za su ƙara masa kuɗin haya, amma makarantar yarinya da cefane za su cinye kusan rabi. Tumatir a nan, Yovi, sai ki rantse daga sama ake sauko da shi."

"Rabin da zai rage fa, ya fi abin da muke samu a nan?"

"Nesa ba kusa ba. Amma tsaya. Kuna da takardar aure?"

"Ke ma kin san ba mu yi biki ba."

"To can ba Juliaca ba ce, ƙawata. Ba su san wani abu wai shi 'muna tare' ba. Ba takarda, ba biza. Kuma kafin ya sa hannu ake nuna ta, ba bayan ya sa ba."

Yovana ta ajiye wayar. Shekara bakwai suna zaune da Wilber, ga 'yarsu Maricielo har ta shiga aji ɗaya. An je an nemi izinin iyayenta, sun bayar, sai aka zauna ana jiran ranar da za a iya biki, kamar yadda rabin unguwar ke jira. Biki kuwa a wurinmu kwana uku ne cur, da makaɗa, da ubannin biki, da abincin da zai ishi gari. Ba ta taɓa ce wa kowa jiran yana mata ciwo ba, amma yana yi. Duk lokacin da malamar makaranta ta ce mata "abokiyar zaman Malam Ticona", sai ta sunkuyar da kai.

Da suka taru cin abinci ta faɗi abin da ta ji, dalla-dalla, ba ƙari ba ragi. Wilber ya ɗaga kafaɗa.

"Wannan ai mai sauƙi ne. Ƙarshen watan gobe ne wa'adin sa hannu. Mu je ofishin magajin gari, shaidu biyu, shi ke nan."

Doña Eufrasia ta ajiye cokali a hankali.

"Bana? A gwauruwar shekara?"

Kowa a nan ya san ba a aure a shekarar da lambarta ba ta rabuwa biyu daidai, don wai ma'auratan ma ɗaya zai saura a gefe. Mai hankali shekara mai cika yake jira, kuma watan Agusta. Wilber ya ce wannan zancen tsofaffi ne. Ai kuwa kamar ya zuba wa wuta fetur.

"Tsofaffin ne suka haife ka, mara kunya. Shekara ashirin ina kai ayni, gudunmawar bikin da ake rama wa mutum, gidajen mutane. Wane biki ne aka yi a unguwar nan ban shiga da akwatunan giya ba? Bikin ɗan maƙwabcinmu Sabino tunkiya na kai, a shekarar da ubanka ya rasu, ina sanye da baƙi. Duk na yi ne don ranarka, ranar da kowa zai dawo mini da nawa a gaban jama'a. Yanzu ka ce za ka shiga ofis ka fito kamar wanda ya je biyan kuɗin ruwa?"

"Mama, sai a yi bikin daga baya mana."

"Bikin bayan sa hannu ɗumame ne. Wanda ya kamata ya kawo goma, biyar zai kawo, ya ce ai an riga an yi." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka tafi kai kaɗai. Shekara biyu kamar gobe ne. Ka dawo da kuɗinka, mu yi bikin da Juliaca ba za ta manta ba. Yovana ai ba guduwa za ta yi ba."

Ba wanda ya tambayi Yovana ko me take so. Ta tattara kwanuka ta fita tsakar gida.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai ga Wilber a rumfarta. Ya zauna kan dilar kaya, ya yi ƙasa da murya kamar mai sayar da kayan sata.

"Na gama magana da wani abokina a ofishin. Ranar Juma'a. Shi da matarsa ne shaidu. Mama ba za ta sani ba. Mu ce mata kamfanin ne ya sassauta. In Agustan baɗi ya zo mu dawo hutu, ta yi bikinta, ta karɓi giyarta, kowa ya huta."

Yovana ta dube shi. Ga abin da ta shekara bakwai tana so, an kawo mata har rumfa, kuma ba wanda zai kama ta. Ta ga kanta a jirgi, Maricielo a gefen taga. Ta ɗauki wata riga ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"A'a, Wilber."

"A'a me?"

"Ba zan yi ba. Kana so in zauna a gaban Mama a coci, tana kukan daɗi, ni kuma na san wasan kwaikwayo muke mata? Matar nan ita ta yi mini wankan jego. Faɗa ne da ita kamar me, na sani, ni nake shan shi kullum. Amma ban taɓa yi mata ƙarya ba."

"To sai in tafi ni kaɗai ke nan? Abin da kike so ke nan?"

"Ba na so. Allah ya sani ba na so." Hawaye suka zubo mata. "Na ga mazan da suka tafi shekara biyu, ta zama shida, 'ya'yansu suna kiransu kawu. In ka sa hannu ba zan riƙe maka riga ba, amma kada ka jira in ce na yarda."

"Wannan ba ki so, wancan ba ki so. Ke wai me kike so ne, Yovi?"

"Aurenka nake so. Amma wanda aka ba ni, ba wanda na sata ba."

Ya tashi ya tafi ko sallama babu. Kwanaki suka yi ta wucewa yana shiga yana fita fuska a murtuke, ita kuma tana zuba masa abinci, tana wanke masa kayan aiki, ba ta ƙara ɗaga zancen ba. Wanda bai san ta ba sai ya ce ko a jikinta. A rumfa kuwa, in ba mai saye, takan juya baya ta yi kukanta ta share.

Wa'adi ya matso. Wata safiya Yovana tana tsakar gida tana shanya, ta ji Wilber yana gaya wa uwarsa a kicin cewa zai rubuta wa kamfanin ya ce ya fasa. Ya ce ya auna ta kowace fuska, kuɗin da zai raba shi da iyalinsa bai kai farashinsa ba. Daɗi ya kama Yovana, amma daɗin bai daɗe ba.

"Ita ce!" Muryar Doña Eufrasia ta cika gidan. "Ita ta ɗaure ka a gefen zaninta. Ta ga ba za ta samu shiga jirgi ba, shi ne ta ce kowa ya rasa. Tun ranar da ta shigo gidan nan na san wayonta ya fi jikinta."

"Mama, ki daina."

"Ba zan daina ba. Takarda take so, ko ta halin ƙaƙa."

"Takardar da na kai mata har rumfa ta ƙi karɓa?"

"Wace takarda?" in ji tsohuwar.

"Ni na shirya komai," in ji Wilber. "Shaidu, rana, har ƙaryar da za mu yi miki. Da yanzu mun yi aure, kina nan kina lissafin Agusta. Ita ta ce ba za ta yaudare ki ba. Ni da kika haifa na yarda in yi, ita ce ta ƙi."

Yovana ta tsaya da jiƙaƙƙen bargo a hannu, ruwa na ɗiga a kan takalminta. Ta so a ce bai faɗa ba, don ta san abin zai yi wa tsohuwar zafi. Doña Eufrasia ta fito, ta wuce ta gabanta ba ta ko dube ta ba, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ranar ko kasuwa ba ta leƙa ba, washegari ma haka. Abinci Yovana ke ajiye mata a bakin ƙofa, ta dawo ta tarar an ci rabi.

Ranar da Wilber zai aika da saƙon fasawa, da sassafe, aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Doña Eufrasia ce tsaye, sanye da babban siket ɗinta na zuwa biki, da mayafi mai geza, da hularta a karkace yadda take sa ta in za ta gidan manya.

"Kai, je ka sa kwat ɗin ubanka. Ke kuma me kike kallo? Da wannan rigar za ki je?"

"Ina za mu, Mama?" in ji Yovana.

"Ofishin da kika ƙi zuwa." Ta gyara hula. "Na aika wa Sabino, yana jiranmu a can. Ni da shi ne shaidu. Ɗana ba zai yi aure da shaidun aro ba."

"Amma shekarar fa, Mama? Da ayninki?"

"Shekarar nan, kwana biyu na yi ina tsoronta, har yanzu ban daina ba. Na kunna kyandir, sauran na bar wa Allah. Ayni kuwa, wanda zai kawo rabi ya kawo, ina da ido, zan gan shi." Sai ta kama hannun Yovana da hannayenta biyu. "Shekara ashirin ina zuba alheri a gidajen mutane ina jiran ya dawo. Ashe yana kicin ɗina, ina masa faɗa a kan albasa. Ki yafe mini, 'yata."

Ba ta taɓa kiranta da wannan sunan ba. Yovana ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka, Wilber na tsaye da hannu ɗaya cikin kwat ya rasa wadda zai lallasa.

Auren bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a dafa shayi ba. Ba makaɗa, ba rawa. Doña Eufrasia ta riƙe alƙalami kamar mai riƙe allura, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, ta ɗago ta dubi ma'aikacin ta ce ya duba da kyau, kada Larabawa su ce ba su gane ba. Bayan sabuwar shekara Wilber ya tafi da matarsa da 'yarsa, su uku a jirgi ɗaya. Da suka zo hutu aka yi bikin coci, kuma gaskiyar tsohuwa ce, wasu rabi suka kawo. Har yau in ta haɗu da su a kasuwa gaisuwar rabi take musu.

'Yan mata, ku dubi Yovana. Kafin albashi ya ruɗe ta sai da ta tambayi abin da zai ci da abin da zai bari, da dokar ƙasar da za ta. Da aka buɗe mata ƙofar baya kuma, ta ƙi shiga, alhali ba wanda ya kai ta son abin da ke ciki. Ta yi haƙuri a lokacin da haƙurin yake neman raba ta da komai, shi ya sa aka kai ta ta ƙofar gaba, kuma wadda ta fi kowa ƙin tafiyar ce ta riƙe mata hannu.