Agwagwan da ke jan ƙafa

"Sake kunna shi," in ji Yaya, ta dangwarar da wayar a kan teburin kicin har cokula suka yi ƙara. "Wannan karon ki buɗe idonki."

Auta ta kalli wayar, ta kalli yayarta. Shafinta ne a buɗe, wanda duk ƙarshen mako take zuba abubuwan da ta tsinto a intanet: gajerun katun, rubutu mai motsi, zanen kwamfuta na mutanen da ba wanda ya san su. Na wannan makon wani tsohon agwagwa ne mai hula, yana tafiya a dogon baranda. Ita da kanta ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba ta taɓa ganin tafiya mai rai kamar wannan ba.

"Na gani, Yaya. Sau nawa zan..."

"Kin ga launi, kin ga haske. Ai ke gwanar launi ce. Kalli ƙafar hagu."

Ta kalla. Agwagwan ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu a ƙasa. Ya tsaya, ya taɓa bango da bakin fiffikensa, sannan ya ɗaga kai sama kamar wanda ba abin da ya same shi.

Sai yanzu Auta ta gane. Haka Baba yake tafiya tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, har da ɗaga kan.

"Wa ya raka mu asibiti ranar da aka fara yi wa Baba gashin ƙashi?" Yaya ta tambaya. "Wa ya tsaya a bayanmu yana latsa waya, muna cewa yaro mai kunya? Saurayin nan naki mai katun. Wanda kika cika mana kunne da shi."

"Ba sunansa a jikin bidiyon..."

"To je ki tambaye shi. Ki kuma gaya masa mai shagon bakin layi ya nuna wa Baba ɗazu da safe, yana dariya, wai ga wani mai irin tafiyarsa."

Auta ba ta san yadda aka yi ta isa ɗakin aikinsa ba. Ɗaki ne ƙarami a saman bene, kwamfuta biyu, allon zane da alƙalaminsa, wayoyin caji sun harɗe a ƙasa, kofunan shayi sun bushe a bakin taga. Da can wannan hargitsin burge ta yake yi. Yau haushi ya ba ta.

Ya juyo da kujerarsa yana murmushi. "Rabin raina. Na san za ki gane nawa ne. So na yi in ba ki mamaki."

"Ka ba ni. Buɗe min aikin."

"Wane..."

"Na agwagwa. Yadda ka haɗa shi nake son gani."

Ya buɗe. Allon ya rabu biyu. A dama agwagwa ne. A hagu Baba ne, an ɗauke shi ta baya a barandar asibiti, rigarsa ta zame daga kafaɗa ɗaya. An ɗiga jajayen ɗigo a gwiwarsa da idon sawunsa da ƙugunsa. Mai katun ya taɓa maɓalli, su biyun suka taka tare, suka ja ƙafa tare.

Auta ta ja da baya.

"Ki saurare ni," ya ce da sauri. "Duk mai motsa zane haka yake yi. Ba a ƙirƙirar tafiya da ka. Sai ka ɗauki mutum na gaske, ka bi shi hoto bayan hoto. Ni kaina nakan ɗauki kaina..."

"To me ya hana ka ɗauki kanka?"

"Ba zan iya wannan tafiyar ba. Ba wanda zai iya kwaikwayonta. Kin ga yadda yake ɗaga kai? Wallahi burge ni ya yi."

"Burge ka ya yi shi ya sa ka saka ƙarar tsohuwar ƙofa duk lokacin da ya ja ƙafa? Shi ya sa a ƙarshe ya zame ya faɗi hularsa ta yi sama?"

"Wannan don masu kallo ne. In ba dariya ba sa tsayawa."

"Ubana ne."

"Ban sa fuskarsa ba, zuciyata."

"Kada ka sake kira na da wannan sunan. Mai shago ma ya gane shi, ba ya buƙatar fuska."

Nan fa shi ma ransa ya ɓaci. Mutum ne da in aka taɓa aikinsa idonsa rufewa yake, ta daɗe da sanin haka, ta riƙa kiran abin kishin sana'a.

"Ke kin gane shi?" ya ce. "Ke 'yarsa, kin gane shi? Kin turo min saƙo kina dariya, kin ce in kalli yadda gwanaye suke aiki. Kafin ki sa shi a shafinki mutum nawa suka gani? Ke kika kai shi layinku, ba ni ba."

Ba abin da ya fi ciwo irin gaskiya a bakin wanda kake fushi da shi. Auta ta tuna ranar da ta fara ganin bidiyon. Ta yi dariyar, har da hawaye, a ɗakin da bango ɗaya ne tsakaninsa da na Baba.

Ta ciro wayarta ta goge abin da ta saka. "Kai ma goge."

Ya daɗe yana kallon allon kafin ya goge. Sai kuma ya rubuta sunan bidiyon a wurin bincike don ya tabbatar. Agwagwa ya fito jere har ƙasan shafi. Wani ya sa masa kiɗa, wani ya hanzarta shi, wasu 'yan mata sun ɗauki kansu suna kwaikwayon tafiyar.

"Zan bi su ɗaya bayan ɗaya," ya ce a hankali. "Zan zo in durƙusa wa Baba. Don Allah, Auta... ina son ki, kin sani."

Ta sani. Ita ma tana son sa, har a wannan lokacin, kuma abin da ya fi ba ta takaici ke nan. Ta juya ta sauka daga benen.

La'asar ta yi lokacin da ta shiga gida. A wannan lokacin Baba yakan fita ya taka zuwa bakin layi ya dawo, kamar yadda likita ya ce, ko hadari ne ya haɗu ba ya fasawa. Ta same shi zaune a falo, takalmansa a gefen kujera, bai sa ba.

"Baba, ba a fita ba?"

"Yau na gaji."

"In raka ka?"

"A'a, 'yar albarka." Bai kalle ta ba. Babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ta ji sauƙi.

Wayarta ta yi motsi a hannunta. Mai katun ne: yana hanya, a gaya wa Baba yana zuwa neman gafara.

Baba ya dafa hannun kujera, ya yunƙura zai tashi, sai ya fasa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ɗan juya bayanki. Ɗaki zan shiga."

Ta juya ta fuskanci bango. Mutumin da ya koya mata tafiya, yau kunyar taka ƙasa yake yi a gabanta. In a gabanta haka ne, yaya zai yi a gaban surukin da ya ƙirga masa taku? Duk zuwa gaisuwa sai ya zauna daram har baƙo ya tafi ke nan, shekara da shekaru.

Tana jin sawun dama, tana jin jan na hagu, a hankali ƙwarai don kada ya yi ƙara. Hawaye suka hana ta ganin haruffa sosai, amma ta rubuta.

"Kada ka zo. Ba yau ba, ba wata rana ba."

Ta tura. Ba ta juyo ba sai da ta ji ƙofar ɗakin Baba ta rufe.