Murhun da Ya Ƙi Tukunyar Kaka

Da magaribar wata Talata abin ya fara. Kaka ta ɗora tukunyarta a kan sabon murhun lantarki mai fuskar gilashi da ɗanta ya sayo. Murhun ya yi ƙara sau uku, ya mutu. Ta sake kunnawa, ya sake mutuwa, alhali ga wuta a gidan, fanka ma tana juyawa.

In surukarta ce ta ɗora girki, lafiya lau. Mai gyara ya zo, ya duba waya da soket, ya hure ƙurar da ta toshe ƙasan murhun, ya tafasa ruwa a tukunyar matar gidan, ya ce ƙalau yake. Bai tambayi da wace tukunya tsohuwa take girki ba, su ma ba su faɗa ba.

Daga nan aka fara raɗa. Wuta ba ta gudun mutum a banza, in ji surukar. Sai kuma tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kicin duk faɗuwar rana, ɗaya bayan ɗaya, ba a ganin mai jifa. Abin takaici, ɗan da Kaka ta goya shi ya yanke hukunci, idonsa a kan wayarsa: ranar Asabar za a kai Kaka wajen ƙanwarta.

Ranar Alhamis, ana kiran sallar magariba, Auta, jikar da ke kwana ɗaki ɗaya da Kaka, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar kicin. Da ta buɗe baki, muryar wani tsoho ce ta fito.

Aka ɗauko malam. Ya daɗe yana karatu a kanta.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Na riga gilashin nan zama a kicin ɗin nan."

"Kai ke kashe murhun?"

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Jifan dai nawa ne. Murhu kuwa, ku tambayi tukunya."

Malam ya miƙe. Matarsa tana da irin murhun, ya san halinsa. Ya ɓamɓaro mayen ƙarfe daga jikin firji, ya kanga a gindin tukunyar surukar, ya manne. Ya kanga a ta Kaka, tsohuwar tukunyar alminiyam ta kayan aurenta, ya faɗi ƙasa.

"Wannan murhun ba ya aiki sai da tukunyar da mayen ƙarfe ke kamawa," ya ce. "In bai ji ta ba, kashe kansa yake yi."

Ba wanda ya iya ɗaga ido. Malam ya koma kan yarinyar.

"Fita, tun muna shaida juna."

"Zan fita. A bar tsohuwa a ɗakinta. Shekara da shekaru ba ta taɓa watsa mini ruwan zafi ba bismilla ba."

Malam ya dubi maigidan. Shi kuwa sai da ya dubi matarsa, sannan ya ce, "To, ta zauna."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki, barci ya ɗauke ta.

Da safe aka tarar Kaka ta ƙulle kayanta a zane, tana zaune a bakin gado da mayafinta.

"Inna, ai an ce ki zauna," in ji ɗan.

"Na ji wanda ya ce," ta amsa. "Gidan da sai aljani ya roƙar mini wurin kwana, ba gidana ba ne. Kira mini mota."